Sunan da ke Saman Takarda

Shagona na Kabuga, daf da titi,
ni ke buga wa yara sakamako.
Injin nan bai san ɗan kowa ba,
tawada ɗaya yake zuba wa kowa.

Ran Laraba Nafi'u ya shigo,
ɗan makarantar gwamnati, can Rijiyar Lemo.
Ajinsu mutum ɗari da ashirin,
kwalbar gwaji a allo ya santa, zanen alli.
Makinsa ɗari uku ba biyu.
Na gyara tabarau, na sake dubawa.

Bayansa Mardiyya daga Bompai,
bajon makarantarsu ma da zaren zinare.
Ya ɗara ta da shida.
Ita ma ta yi ƙoƙari, ban hana ta ba.

Da sunayen likitanci suka fito
nata na nan, layi na tara.
Nasa muka bi da yatsa har ƙasa,
muka sake daga sama.

Wai a ganawa wani ya ɗago kai:
"Wace makaranta ce wannan? A ina take?"

Ya miƙo mini kuɗin bugu.
Na ce bar shi.
Ya ce, "A'a Malam, ai injin ya yi aikinsa."