Igiya da Turke

Allon ajinmu a Mai Wurno ya tsage biyu,
alli ya ƙare tun ranar Lahadi.
Na ce wa yara arba'in da ɗaya:
ku sa takalmanku, yau darasi a waje yake.

Bayan makaranta akwai akuyar Inna Batulu,
ɗaure a turke tun da hantsi.
Ta cinye ciyawa iya tsawon igiyarta,
ba ta rage ba, ba ta ƙetare ba.
Na ce ku dubi abin da ta zana da haƙora.
Mudassir ya riƙe ciki don dariya:
"Ustaz, ashe akuya ta riga mu sanin da'ira."
Na nuna turke, na ce ga cibiya,
na nuna igiya, na ce ga rabin faɗi,
sauran bayanin akuya ta riga ta yi.

Muka gangara wajen kogi.
Giginyar bakin mashaya, wa zai hau ya auna ta?
Babu wanda ya ɗaga hannu.
Na kafa sandata, kamu biyu,
inuwarta ta kwanta kamu uku a kan yashi.
Haulatu ta bi inuwar giginya da igiya
tana ƙirgawa da Hausa, tana gyarawa da Larabci,
ta tsuguna, ta yi rubutu da tsinke,
ta share da tafin hannu, ta sake.
Da ta faɗi tsawon bishiyar
ba ni ta kalla ba, sama ta kalla.

A hanyar dawowa muka iske ana tona harsashin ɗaki.
Akwai wani yaro, Tayyib, na kujerar baya,
wata uku ban ji muryarsa ba,
takardarsa kullum fara take dawowa.
Ya karɓi igiya daga hannun magini
ya ƙulla uku, ya ƙulla huɗu, ya ƙulla biyar,
ya ce wa abokansa ku ja.
Kusurwa ta miƙe tsaf kamar an sara da wuƙa.
Na ce, wa ya koya maka?
Ya ce, "Babana. Tun ina ɗaukar masa laka."
Shekara goma sha huɗu ina rubuta wannan a allo
da haruffan da babansa bai taɓa gani ba.
Na cire hulata na sosa kai.

Aikin gida na ba su guda ɗaya:
kowa ya sami zare, ya zagaya wani abu mai da'ira,
ya gwada da faɗinsa.
Washegari suka zo da labari,
wannan faifai, wannan bakin tulu,
wannan kaskon da uwarsa ke yin kisira,
Ikhlas kuwa awarwaron kakarta.
Duk bakinsu ɗaya: sau uku, da ɗan saura.

Ikhlas ta ɗaga guntun zaren da ya rage,
bai kai tsawon farcenta ba.
"Ustaz, wannan ɗan sauran nawa ne daidai?"
Na ce mutane sun daɗe suna binsa,
ba su ga ƙarshensa ba.
Ta naɗe shi a ɗan yatsa, ta ce za ta ajiye.

An kawo alli ranar Alhamis.
Yana cikin aljihuna har yanzu, ban buɗe kwalin ba.