Gaba Goma Sha Biyu

Ubana Barmo rijiya yake haƙa.
Ya san cikin Katsina fiye da bayanta:
jar ƙasa gaba biyu,
sai marmara mai cinye bakin diga,
sai farin yumɓu mai sanyin hanta,
sai danshi,
sai ruwa ya yi sallama.
Daga ƙasan rami, in ji shi,
sama duk faɗinta ba ta fi faifai ba.

Ni boko aka sa ni, na koyi zanen gini.
Ran da malami ya ce kowa ya zano tasha,
ta jirgin da ke bi ta ƙarƙashin gari,
'yan ajinmu suka yi ta kwasar gilashi da ƙarfe
daga hotunan ƙasashen sanyi.
Ni mota na hau, na zo gida.

Na shimfiɗa takarda bisa tabarma,
na danne ta da moɗa da takalmi ɗaya.
Na ce, Baba, a ina ƙasa za ta yarda?
Ya daɗe yana sakace.
Ya ce, ban da inda ruwa ke kusa,
ruwa magulmaci ne, sai ya bi ki har ɗaki.
Nufi wajen Ƙofar Ƙaura, Tasalla.
Uku na haƙa a can.
Ta ukun ta so ta riƙe ni.

Sai na yi wa tashar baki zagayayye,
matakala na bin bango tana sauka
yadda guga ke juyi kafin ya taɓa ruwa.
Rufin ciki na ɗaure shi da bakan gizo
irin na soron kakata,
sai dai kankare ya karɓi aikin azara.
Bango na hana shi fenti.
Na ce a bar ja a ja, a bar fari a fari,
mai sauka ya riƙa karanta garinsu da kafaɗa.
In an tono katangar tulu ko bakin tsohuwar marina,
a bar su nan inda suka kwana.
Na ware lungun alwala,
na ware wa mai shayi inda zai kafa tebur,
na rubuta sunan tasha da boko da ajami
don kada kowa ya tambayi kowa.

Ya kawo fitila kusa, ya bi layin da farce.
Ya ce, ta ina take numfashi?
Mu fitila muke fara zurawa.
In ta mutu, ba mai sauka ranar.
Na goge, na huda mata hanci huɗu,
suka leƙo bisa titi kamar zankwaye.

Ya ce, saura ɗaya.
Wa ke riƙe da igiya?
Na ce, Baba, lantarki ne, babu igiya.
Ya ce, ba a shiga ƙasa ba kowa a sama.
Don ya bar ni in yi barci
na ɗiga wani ɗan mutum a bakin tashar,
tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Malami ya ba ni maki mai kyau,
ya kewaye ɗan mutumin da jan biro,
ya sa alamar tambaya.

Yau shekara tara.
Shaguna nake zanawa, da katangar masu kuɗi.
Tashar tana cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gado,
gara ta ɗanɗana hancinta ɗaya.
Baba kuwa da muka kai shi
ko gaba ɗaya ba a haƙa masa ba,
shi da ya saba da goma sha biyu.

Amma in cunkoso ya tsai da Keke a shataletale,
direba ya kashe inji yana tsaki,
nakan zare takalmi a ɓoye
in dafa tafin ƙafata a ƙarfe.
Ja, marmara, yumɓu, danshi.
Ina ƙirgawa har mu motsa.