Littafin Barira

Ni ce mai riƙe da littafin,
ba na labarin ba, na kuɗin.
Sahabi ya ce, Barira, ke kin san ƙwandala,
ni kuwa dariya kawai na sani.
Ya sayar da fegin gadonsa a Rigasa,
na kwashe adashina na wata goma sha huɗu,
Alhaji Tanimu mai tayoyi ya cika,
da sharaɗin a hasko shagonsa sau uku.

Labarin bai taka kara ya karya ba:
direban keke da malamar jinya 'yar Barnawa
sun yi cacar baki a ƙarƙashin gadar Kawo
a kan canjin naira hamsin.
Minti tamanin tana binsa bashi,
shi kuwa ya ƙi biya
don kada ta daina zuwa.

Kwana goma sha biyu muka tsara.
Damina ta ce sha tara.
Na rubuta: man janareta.
Na sake rubuta: man janareta.
Shinkafa da wake, kwano talatin da ɗaya,
alhali mu ashirin da shida ne,
har yau ban san masu cin biyar ɗin ba.
Rifkatu ta lulluɓe kyamara da ɗankwalinta,
ita ta tsaya ruwa yana dukanta.

A bakin kogi, wajen Gamji,
jarumi ya durƙusa zai amayar da zuciyarsa,
sai ga bunsuru ya ratso,
ya cinye furen da ke hannunsa har kara.
Jaruma ta tuntsire da dariyar da ba a rubuta mata ba.
Sahabi bai ce a yanke ba.
Na rubuta: mai bunsuru, dubu biyu.

Masu manhaja suka aiko takarda daga Legas,
shafi goma sha bakwai na Turancin lauyoyi.
Kashin farko ya zo,
ya gaishe mu a tsaitsaye,
ya wuce gidajen masu bashi.
Sauran, in ji su, sai an ƙirga idanu:
wa ya kalla, minti nawa,
a ina datarsa ta ƙare.

Mai sharhi ya ba mu tauraro biyu cikin biyar.
Ya ce sautin kamar daga cikin randa,
ya ce lambar keken ta canja har sau uku.
Gaskiyarsa.
Na farko jami'an hanya suka kama,
na biyu mai shi ya tafi biki Zariya.
Ya rufe da cewa
bunsurun ne kaɗai ya san aikinsa.
Sahabi ya karanta a teburin mai shayi,
ya bar ƙwansa ya huce.

Sati bai zagayo ba
yaran Kasuwar Barci suka fara tura shi a waya,
naira ɗari, da kyautar wani a kai.
Mu muka yi noma,
su suka kafa rumbu.

Jiya na hau keke zuwa Tudun Wada.
Dattijuwar da ke gefena,
gilashin wayarta a tsage kamar busasshen tabo,
tana dariya har buhun alayyafonta na zamewa.
Na leƙa. Bunsurunmu ne.
Ban tambaye ta inda ta samo ba,
na dai tare mata buhun da ƙafa.

Da na sauka, na miƙa ɗari biyar.
Direba ya ƙirga, ya riƙe hamsin,
ya ce, Hajiya, babu canji,
sai dai ki riƙa biyo ni,
yana murmushi irin wanda muka ɗauka sau tara
kafin jaruminmu ya iya.

Da dare na buɗe littafin.
Layin riba a dama, layin asara a hagu.
Har aka ɗauke wuta
biro yana hannuna,
ban san inda zan sa wannan hamsin ɗin ba.