Shayin Kaka Shulan

A gangaren Wuyi ta ce, "Weimin,
bishiya ɗaya ce, hannu ne ya bambanta.

Wanda ka tsinko da raɓa
ka jefa kasko tun bai farka ba,
kore zai zauna, da ɗacin ƙuruciya.

Wancan, girgiza shi a faifan gora
har gefensa ya yi ja kamar kuncin da aka mara,
sai wuta ta tare shi a rabin hanya.

Baƙin kuwa, murza shi,
ya sha iska har ya manta launinsa."

Na ce, "Farin fa?"
Ta hura kofinta, ba ta dube ni ba.
"Shi ba a taɓa shi.
Rana kaɗai ke renonsa,
kamar kai,
shekarar da uwarka ta tafi Fuzhou."