Gonar Hawa Bakwai

Kogin Jamuna ya cinye gonar Tofazzal
a dare ɗaya,
kamar mayunwaci ya samu tuwo.
Da gari ya waye babu kunya, babu iyaka,
sai ruwa yana juya ganyen ayaba.

Ya iso Dhaka da tabarma da 'ya ɗaya.
Yanzu gadin bene yake yi a Mirpur.

Kafin kiran asuba yake hawa da ƙasa
a buhun siminti,
matakala ɗari da ashirin.
Bokitin fenti, tsohuwar taya, fasasshiyar tukunya,
kowa ya samu aiki.
Ɓawon dankali daga hawa na uku,
ruwan wankin shinkafa daga hannun Jhorna.

Duma ya kama igiyar shanya ya bi ta.
Barkono ya yi ja a gindin tanki.
Hankaka ya sure tumatir,
Tofazzal ya ce a ƙyale shi,
shi ma ci-rani ya zo.

Mai gida ya hau zai yi faɗa,
wai rufi zai tsage.
Ya daɗe a inuwar duma yana share zufa,
ya sauka da alayyahu a hammata.

In damina ta sako,
tituna suka koma rafi,
keke ya nutse har sirdi,
Tofazzal kan leƙa ta kan katanga
ya ce wa ruwan:
"Ka ci waccan.
Wannan kuwa, sai ka hau matakala."