Yaya Jikin Asusu?

Daren jajibirin taro ne, an ɗauke wuta.
Na kunna fitilar waya, na buɗe littafin kuɗi
a kan bencin Sallau mai gyaran takalma.
Jirgin ƙasa ya ratsa Agege, kwanon rufi ya yi rawa,
lambobin nan dai ko gezau.

Gobe bayan La'asar za a jera kujerun haya,
shugaba ya gyara zaman hula, ya ce:
Ma'aji, yaya jikin asusu?
Da sauƙi, zan ce,
don ba a tambayar mai jinya ya ce babu sauƙi.
Amma ni nake kwana da shi, ni na san tarinsa.

Dubu tamanin da huɗu da ɗari shida,
abin da ya rage ke nan a jijiyarsa.

A da 'yan acaɓa ne jininsa,
kowace Juma'a Barau ya zo da leda cike da canji mai warin fetur.
Da aka hana su manyan tituna
rabi suka ɗora baburan a tirela suka yi arewa.
Sunayensu na nan, ban iya soke su ba,
layi ashirin da bakwai, gabansu fari fat.

Injin burtsatse ya ƙone a watan azumi,
ya lashe dubu ɗari biyu bai ce na gode ba.
Kwalbatin bakin masallaci, buhun siminti goma sha ɗaya,
farashin da muka rubuta da safe
kafin azahar ya girme mu.
Gawar Jatau mai dako, da ba shi da kowa a Ikko sai mu:
likkafani, mota, kuɗin ƙasa.
Wannan ban kira shi asara ba.
Banki kuma, kamar gara,
ba ka jin cizonta sai ka jingina da ginshiƙi.

Ga shafin alkawura, shi ya fi kowane ƙiba.
Ranar ƙaddamarwa Alhaji Maikanti ya karɓi lasifika,
rabin miliyan, ya ce, aka yi tafi har tattabaru suka tashi.
Wata goma sha huɗu ke nan.
Na je ofishinsa a Ikeja sau biyar, kuɗin danfo daga aljihuna,
kullum ya shiga ganawa.
An ce alkawari kaya ne,
amma wannan ni aka ɗora wa.

Iya Sikira kuwa, mai ƙosai a bakin layi,
wadda Hausarta ba ta wuce sannu da aiki ba,
ɗari biyar duk mako, a naɗe, da maiƙo a jiki.
Ta ce jikokinta ma a famfon nan suke sha.
Ba ta taɓa riƙe lasifika ba.

An ce da yayyafi kogi kan cika.
A unguwar nan mun ga abin da ya cika da yayyafi: kwata ce.
Duk da haka bana ruwa bai shiga ɗakin Indo ba,
yara sittin sun tashi daga ƙasa sun hau benci.
Wane layi zan rubuta wannan?
Littafin gida biyu gare shi kawai, shiga da fita.

Takalmin nan nawa, sau uku Sallau na sake masa ƙasa.
Ina da kuɗin sabo,
amma ma'aji ba ya sa sabon takalmi ana gobe taro.

Saura ɗari uku lissafi bai haɗu ba.
Na juya rasit, na sake juyawa, sauro na shan rabonsa,
har ladan ya gyara murya.
Sai na tuna: alli.
Kwalin alli na makarantar dare, Malam Tanimu ya karɓa a tsaye.

Na rubuta. Na ja layi biyu.
Yana numfashi, zan ce musu.
A kawo abin da ya sawwaƙa, a naɗe, ba a lasifika ba.