Ƙaron da Sallau Ya Kawo

Ni dai ban taɓa ganin hamada ba.
Iyakata Shika, ƙarƙashin rumfar zana,
shekara goma sha tara ina tsugune,
ina ɗura ƙasa cikin baƙar leda.

Ƙwayar ɗakwara ba ta jin lallashi.
Binne ta haka nan, ta yi wata tana gaba da kai.
Sai na tafasa ruwa a tsohuwar butar shayi,
na sauke, na zuba mata, ta kwana a ciki,
da safe ta kumbura kamar idon da ya sha kuka.
Bagaruwa ma jirgi ɗaya ya kwaso su.
Gawo kuwa, cikin akuya ya fi ni iya masa,
a turken Ladidi nake tsince shi cikin kashi.

Ladidi takan ce, "Malam, jama'a na dashen mangwaro,
kai kana renon abin da ke yaga maka riga."
Ban musa ba. Ita ke ɗinkin.
Ita ke hura fitila da dare
ta bi tafin hannuna da bakin allura.

Ruwan Yuli na sauka, Sallau zai iso da motarsa,
mu jera su dubu biyu, kafaɗa da kafaɗa.
Ba wanda ya kai tsawon kamu ɗaya.
Su bi ta Kwangila, su miƙe arewa,
can wajen Maigatari, in ji shi,
inda rairayi ke shiga gida ba sallama,
ya zauna a bakin murhu.

Nakan tambaye shi, "Nawa suka kama?"
Ya ce fari ya ci rabi.
Raƙuma sun ci rabin rabi.
Wasu kuma ba a ko sauke su daga leda ba,
an ɗauki hoto, an watse.
In yi shiru. In koma in ɗora buta.

Bana ya zo da rani, ba lokacinsa ba.
Ya zaro ƙullin takarda daga aljihu,
ya ce wata tsohuwa ta ba shi, Hajja Falmata,
wadda ta shekara biyu tana raba tulunta
tsakanin jikoki da itace bakwai.
Yanzu rairayin ya tsaya a bayan danga,
ta ce a kai wa mai shukar.

Ƙaro ne, bai fi ƙwallon goro ba,
ja-ja, rana na wucewa ta cikinsa.
Na gutsura. Ba zaƙi, ba ɗaci,
ya dai kama haƙori ya ƙi saki.

Ladidi ta juya shi a hannu, ta daɗe.
Ta ce, "Zai yi wa hularka ta Juma'a."
Na ce a'a.
Ta ce, "To, miƙo hannun, akwai wata a ɗan yatsa."